Shin zanen tukwane harshe ne? Tsokaci a kan littafin Marija Gimbutas, Le langage de la déesse

0. Gabatarwa

Sau da dama ɗalibai sun kawo mana tsarin kundin bincike da ke son nuna cewa Inna ta masu bori, da Daurama, da Sarauniyar Lugu, duk ɓurɓushi ne na wata babbar abar bauta mace guda ɗaya, wadda ɗan Adam ya fara bauta ma kamin zuwan alloli maza. In muka bi sawun wannan ra'ayi, galibi yakan kai mu ga littafi guda, watau The Language of the Goddess na Marija Gimbutas, wanda ya fito a Amurka a 1989, aka kuma fassara shi cikin Faransanci a 2005 da sunan Le langage de la déesse. Tunda littafin ya ɗauki kalmar «harshe» ya sa a goshinsa, muna ganin masu kimiyyar harshe na da hakkin su auna shi da ma'auninsu. Manufar wannan maƙala ita ce amsa tambaya biyu. Ta farko, ko abin da marubuciyar ta kira harshe ya cika sharuɗɗan harshe. Ta biyu, ko dabarar da ta bi tana iya yi mana amfani a nazarin al'adun ƙasar Hausa.

1. Kalmar da za mu yi aiki da ita

Kamin mu shiga littafin, tilas mu daidaita kalma. Faransanci na da dieu da déesse, amma a Hausa kalmar Allah ba ta da tamata. Wasu masu fassara sun ƙera allahiya ta hanyar ɗafa ƙeyar nan ta -iya da muke ji a aboki da abokiya. Ta fuskar ƙirar kalma babu laifi, sai dai tana yi ma kunnen Bahaushe nauyi. Wasu kuma sukan ce gunkiya, alhali gunki abu ne sassaƙaƙƙe da ake iya ɗauka a hannu. Masu bori su kuwa iska suke cewa, kuma iskoki a wurinsu halittu ne da ke ƙarƙashin Allah. Mu a nan mun zaɓi uwargijiya, tamatar ubangiji, saboda ta yi daidai da kalmar tsohon Girkanci potnia wadda za mu tarar a sashe na 4.

Wannan ƴar wahala ta fassara tana da darasi. Hausa ta raba abu uku da kalmar déesse ke dunƙulewa: siffar da aka ƙera da hannu, da halittar ɓoye da ake tsoro, da matsayin mai iko. Wanda ya tono mutum-mutumin yumɓu daga ƙasa, na farko kawai ya samu. Sauran biyun sai ya kawo hujja.

2. Abin da littafin ya ƙunsa

An haifi Gimbutas a Vilnius ta ƙasar Lituwaniya a 1921, ta yi digirin dakta a Tübingen ta Jamus a 1946, ta koma Amurka a 1949, ta koyar a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, inda ta rasu a 1994. Gwanar ilimin kufai ce wadda ta yi tono da hannunta a Girka da Bosniya da Masedoniya da Italiya. A 1956 ta gabatar da ra'ayin nan da ake kira na kurgan, wanda ke cewa harsunan Indo-Turai sun bazu ne daga filayen ciyawa na arewacin Baƙin Teku, a bakin makiyaya masu dawaki da ke rufe manyansu ƙarƙashin tudun ƙasa.

Littafin da muke dubawa ya shafi mutanen da makiyayan suka tarar, watau manoman da ta kira Tsohuwar Turai, tsakanin wajen 6500 da 3500 kamin miladiyya. Ta tara kaya kusan 2000, tukwane da ƴan mutum-mutumi da zanen bango, ta kasa su kashi huɗu: ba da rai, ƙasa mai sabuntawa, mutuwa da sake haihuwa, sai ƙarfi da buɗuwa. Kowane zane ta ba shi ma'ana. Alamar V da jerinta na uwargijiya mai siffar tsuntsuwa ne. Layi mai karye-karye da alamar M ruwa ne. Kusurwa uku al'aurar mace ce. Baƙi launin yalwa ne domin na ƙasa ne, fari kuma launin mutuwa domin na ƙashi ne. Daga nan ta yanke hukunci cewa duk waɗannan fuskoki ne na uwargijiya ɗaya, kuma al'ummar da ta bauta mata ta zauna lafiya, mata na tsakiyar al'amuranta, har ranar da makiyaya suka rushe ta. Joseph Campbell, wanda ya rubuta gabatarwar littafin, ya kwatanta aikin da na Champollion. Wannan kwatanci shi ne za mu gwada.

3. Ma'aunin kimiyyar harshe

3.1. Kalmar Ingilishi language ta haɗe abu biyu da Saussure ya raba, watau langue da langage. Mai fassarar Faransanci ya zaɓi langage, kuma ya yi dabara, domin wannan kalma na karɓar faɗin ma'ana: ana cewa langage na furanni ko na ƙudan zuma. Amma wanda aka kwatanta da Champollion ba zai fake da faɗin ma'ana ba. Abin da Champollion ya buɗe a 1822 rubutun langue ne, mai sauti da nahawu.

André Martinet ya nuna a 1960 cewa harshen ɗan Adam gaɓa biyu gare shi. Jimla na rarrabuwa zuwa ƙwayoyin ma'ana, su kuma suna rarrabuwa zuwa ƙwayoyin sauti waɗanda ba su da ma'ana a kan kansu. A cikin jerin Gimbutas babu gaɓa ta biyu, babu kuma ƙa'idar jeranta alamu da za ta bambanta daidai da kuskure. Abin da ke akwai jerin zane ne, kowane da fassararsa a gefe, kamar littafin fassarar mafarki.

3.2. Ko da mun sassauta mun ce tsarin alamu ne kurum, sai mun tambayi yadda aka san iyakar kowace alama. Mai nazarin harshe na da gwajin musanya. Misali:

(1) baki (na cin tuwo)
(2) baƙi (jam'in baƙo)

Mun san k da ƙ ƙwayoyi biyu ne saboda in an musanya su ma'ana ta sake, kuma akwai Bahaushe a raye da zai shaida hakan. To wa zai shaida mana cewa V ɗaya da V uku a jere alama ɗaya ce, ko kuwa cewa M da layi mai karye-karye ma'anarsu guda? Marubuciyar ta dogara ne ga kama: layin ya yi kama da igiyar ruwa, don haka ruwa ne. Hausawa sun riga sun ba da amsa, kama da wane ba ta wane. Layi mai karye-karye yana fita a tabarma da faifai da ƙwarya saboda shi hannu da kayan saƙa suka fi saurin bayarwa.

Batun launi ma haka yake. Mu ɗauki fari a Hausa. Farin ciki da farin jini abin so ne. Farar ƙafa kuwa abin gudu ce, likkafani ma fari ne. Baƙon da bai ji Hausa ba, in aka ba shi farin ƙyalle kawai, ba shi da hanyar sanin wace ma'ana ce ke aiki. Ma'anar alama daga tsarin da take ciki take fitowa da kuma wurin da aka yi amfani da ita. Gimbutas kuwa takan jera kaya daga wurare masu nisan dubban kilomita, da zamunna masu ratar dubban shekaru, a shafi ɗaya, kamar kalmomin karin harshe guda.

3.3. Saura batun mabuɗi. Champollion na da dutsen Rosetta mai ɗauke da matani ɗaya cikin Girkanci da rubutun Masar iri biyu, ya kuma san harshen Kibɗawa. Michael Ventris, da ya buɗe rubutun Linéaire B a 1952, ya samu tabbaci daga wani allo na Pylos wanda bai gani ba lokacin da yake aikinsa: da aka karanta allon da ƙa'idarsa, sai kalmar tukunya mai ƙafa uku ta fito daidai gefen zanen tukunya mai ƙafa uku. Watau ana iya kama shi da kuskure, aka gwada, ba a kama shi ba. Dabarar Gimbutas ba ta bar irin wannan ƙofa ba. Misali mafi bayyana shi ne kan sa mai ƙaho, wanda ya cika bangayen wasu kufai. Mai karatu zai zaci alamar namiji ce. Ita kuwa ta ce siffar mahaifar mace ce da hannuwanta biyu, saboda haka shi ma na uwargijiya ne. In mace shaida ce, namiji ma shaida ne, to babu abin da za a tono gobe ya ƙaryata ra'ayin. Ra'ayin da ba a iya ƙaryatawa ba a iya tabbatar da shi.

4. Inda rubutu ya yi magana

Manoman Tsohuwar Turai ba su bar mana matanin da muke iya karantawa ba. Amma muna iya duba al'ummun da suka bari, mu ga ko ƙa'idojin littafin na aiki a can.

A Sumer, kudancin Iraƙi ta yau, mutanen da harshensu ba na Indo-Turai ba ne, allunan Fara na wajen 2600 kamin miladiyya sun jera sunayen alloli ɗaruruwa, maza da mata. Babbar uwargijiyarsu Inanna, wadda Akadiyawa suka kira Ishtar, ta sha'awa ce da yaƙi, tauraruwarta Zara. Haihuwa da raino aikin wasu ne daban, kamar Ninhursag. Wata a can namiji ne, Nanna, kuma a yawancin riwayoyi shi ne uban Inanna. A Masar ta fir'aunoni ƙasa namiji ce, Geb, sama kuwa mace, Nut. A Japan rana ce uwargijiya, Amaterasu. A allunan Linéaire B an samu po-ti-ni-ja tare da kalmomi daban-daban da ke fayyace ta: ta hatsi a Mycènes, ta dawaki a Pylos, ta labirinti a Knossos, ga kuma Poseidon da Zeus a cikin allunan. Gaskiya ne Gimbutas na iya cewa Girkawan wannan zamani sun riga sun gauraya da makiyaya. Wannan uzuri bai shafi Sumer da Masar ba.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe a nan shi ne jinsi na nahawu. A tsohon harshen Masar kalmar sama tamata ce, kalmar ƙasa namiji, alloli kuma suka bi kalmomin. Marubutan Turai da suka ɗauka cewa wata mace ne a ko'ina, kamar Robert Graves a littafinsa The White Goddess na 1948, sun tashi ne da luna ta Latin da Séléné ta Girkanci. Bahaushe cewa yake rana ta fito, wata ya tsaya, har yana kiran Zara matar wata. Balarabe ma shamsu tamata ce a wurinsa, ƙamaru namiji. Ke nan wani ɓangare na abin da aka ɗauka tunanin ɗan Adam ne na asali, nahawun wasu harsuna ne kawai.

5. Shaidar Çatalhöyük

Kufan da aka fi kafa hujja da shi shi ne Çatalhöyük a Turkiyya, garin da aka zauna daga wajen 7100 zuwa wajen 6000 kamin miladiyya. A 1961 James Mellaart ya tono a can siffar wata ƙasaitacciyar mace zaune, hannuwanta bisa dabbobi biyu masu kama da damisa, a cikin wurin ajiyar hatsi. Wannan hoto ya zagaya duniya. Ian Hodder ya sake buɗe tonon a 1993, aka yi shekara 25 ana aiki, ana rubuta wurin da kowane abu ya fito. Sakamakon ya nuna cewa mafi yawan ƴan mutum-mutumin siffofin dabbobi ne ko ƴan dunƙule marasa jinsi, masu siffar mace ƙarara ƙalilan ne, kuma galibinsu a juji aka same su. Tun 1968 Peter Ucko ya yi irin wannan gargaɗi game da kayan Masar da tsibirin Kirit, inda ya ce wasu na iya zama ƴan tsana na yara, ko kayan koyarwa, ko na tsafi.

Batun zaman lafiya shi ma ya gamu da cikas. A Talheim ta Jamus an gano a 1983 rami ɗaya mai gawa 34, maza da mata da yara, na wajen 5000 kamin miladiyya, yawancinsu an fasa masu kai da gatarin dutse irin na manoman zamanin. Wannan ya riga lokacin da Gimbutas da kanta ta tsayar ma zuwan makiyaya na farko da ɗaruruwan shekaru.

6. Gwaji daga gida

Yanzu mu juyo ga tambayarmu ta biyu. Muna da sa'ar da masu tonon Turai ba su da ita: Inna, wadda ake kuma kira Doguwa, akwai waɗanda suka san ta da baki, kuma an yi rubutu a kanta, daga Joseph Greenberg a kan Maguzawan Kano a 1946 zuwa Jacqueline Monfouga-Nicolas da Guy Nicolas a kan kwarin Maraɗi a 1972 da 1975. Sai mu ƙaddara cewa harshen ya ɓace, shekara dubu bakwai sun wuce, mai tono ya zo da dabarar Gimbutas. Me zai samu?

Da farko, ba zai ga Doguwa ba. Mazauninta itace ne ko dutse ko wani wuri a daji, tana kuma bayyana a jikin wanda ta hau. Waɗannan ba su barin siffar mace a ƙasa. Abin da zai iya tonowa shi ne ƴar tsanar yumɓu da yarinya ta goya ta yar, ya ce ga uwargijiya. Zai rasa wadda ake tsoro, ya ɗaukaka abin wasa.

Na biyu, ko da ya tsinci sunan Inna ya gane ma'anarsa uwa ce, sunan zai ɓatar da shi. Inna tana tsaron gona da dukiyar masu yi mata yanka, amma ita ce kuma ke shanye ƙafa da hannu. Har yau cutar da ke gurgunta yara sunanta shan inna. Kiran abin tsoro da suna mai taushi, ko da siffa kawai kamar Doguwa, sakaya ce irin wadda muka sani a Hausa, inda ake ce ma maciji igiyar ƙasa. Suna a nan garkuwa ce ta mai faɗa.

Na uku, zuri'o'in Azna da ke yi ma Doguwa yanka ta wajen uba suke ƙirga dangi da gado. Ƙarfin iska mace bai sa mata sun riƙe gida da gona ba, kamar yadda Atina, birnin da ke ɗauke da sunan uwargijiya Athéna, bai ba mata kujera a majalisa ba. Daga jinsin abar bauta ba a iya karanto matsayin mata.

Labarin Bayajida shi ya fi jan ɗalibanmu: ga sarauniya, ga macijiya a rijiyar Kusugu, ga baƙo bisa doki da ya kashe macijiyar, daga nan sarauta ta koma hannun maza. In aka ɗora shi bisa tsarin Gimbutas sai ya zauna daram. Wannan dacewa ita ce abin da ya kamata ta sa mu tsaya. Labarin na da aikin da yake yi a siyasar Hausa Bakwai, wajen nuna wa ya fito daga wa, kuma kamin a nemi uwargijiyar manoman Turai a cikinsa sai an tantance riwayoyinsa, da bakin da kowace ta fito, da zamanin da aka rubuta ta.

7. Abin da ya tabbata

Adalci ya wajabta mu faɗi inda lokaci ya ba ta gaskiya. A 2015 bincike biyu a kan ƙwayoyin gado na tsofaffin ƙasusuwa sun nuna cewa lalle jama'a masu yawa sun kwararo daga filayen ciyawa zuwa tsakiyar Turai tsakanin wajen 3000 da 2500 kamin miladiyya. Colin Renfrew, wanda ya daɗe yana adawa da ra'ayin kurgan, ya amince a wata lacca a Chicago a 2017 cewa babban sashensa ya tabbata. Haka kuma wani bincike da aka buga a 2025 a kan gawawwaki fiye da 100 na Çatalhöyük ya nuna cewa waɗanda aka rufe a gida ɗaya dangantakarsu ta fi bin wajen uwa, kuma an fi sa ma yara mata kaya a kabari. Wannan shaida ce mai nauyi game da tsarin dangi. Ba ta ce kome ba game da abin da suke bauta ma. A lura kuma cewa abin da ya tabbata daga aikin Gimbutas shi ne sashen da ake iya gwadawa.

Littafin ya yi wani tasiri a wajen jami'a. Ya faɗo cikin yunƙurin matan Amurka da Turai masu neman addinin da ba namiji ke samansa ba, yunƙurin da ya haifi littafin Merlin Stone na 1976 da na Starhawk na 1979, da kuma aikin fasaha na Judy Chicago, The Dinner Party, na 1979, mai mazauni 39 wanda ya fara da uwargijiyar farko. Wasu daga cikinsu har ziyarar ibada sukan kai Çatalhöyük. Wannan addini ne na ƙarni na 20 mai amsa buƙatun zamaninsa, kuma ya cancanci a yi nazarinsa a matsayin haka. Cynthia Eller ta nuna a 2000 haɗarin da ke cikinsa ga matan kansu: in an jingina hakkin mace ga labarin wani zamanin zinariya, duk ranar da gatarin mai tono ya rushe labarin, hakkin ya rasa madogara. Ƙari a kan haka, hoton mace da littafin ke ɗaukakawa, ciki da nono da haihuwa, shi ne dai wanda aka daɗe ana tsare ta a cikinsa.

8. Kammalawa

Mun ga cewa abin da Gimbutas ta kira harshe ba shi da gaɓa biyu, ba shi da gwajin musanya, ba shi da mabuɗi, don haka kwatanta shi da aikin Champollion bai tsaya ba. Littafin taska ce ta hotuna da aka tara da ƙwazo, kuma ya tilasta ma masu ilimin kufai su ɗauki batun mata da addini da muhimmanci. A wannan matsayi muna ba da shawarar a karanta shi.

Ga ɗalibin da ke son aiki a kan Inna ko Doguwa, shawararmu ita ce ya fara daga abin da Gimbutas ba ta samu ba, watau masu magana. Ya tattara sunayen iskoki mata a Gobir da Katsinar Maraɗi da Adar da Arewa, ya rubuta su da karin sauti da tsawon wasali, ya tambayi wa ke kiran wane suna, a gaban wa, a wane lokaci, ya kuma duba inda suna ɗaya ke nufin iskoki biyu da inda iska ɗaya ke da suna uku. Tsofaffin da suka san waɗannan bambance-bambance suna ƙarewa, kuma in sun tafi ba a rubuta ba, mu ma za mu koma matsayin mai tono da tsingaro a hannu yana zato.